Mai Wankin Rigunan Shaho

Shekara goma sha tara ina wanke rigunan Shaho
a bayan filin Pantami, da sabulu da bokiti biyu.
Na san warin zufar kowa.
Lamba tara ta Bappayo ce, kullum hammata a yage,
ni ke ɗinke ta da koren zare.

Ranar Talata aka ce an sayar da mu.
Kamfanin shinkafa ne, in ji Jalo direba.
A otal aka sa hannu, can Abuja,
inda rana ba ta dukan ƙeya.

Sabbin riguna suka iso a kwali, ruwan ɗorawa.
An cire shahon daga ƙirji,
an liƙa buhu yana murmushi.
Shugaban hukumar gasa ya ce ci gaba ne.
Albashin wata huɗu kuwa, bai taɓo zancen ba.

Na tambayi Dudu mai ƙosai a bakin ƙofa:
kulob na wa ne?
Na mai takarda, ko na wanda muryarsa ta dushe?
Ta juya ƙosanta, ta ce, "Ungo canjinka."

Asabar, minti na saba'in,
Bappayo ya zura ƙwallo.
Fili ya tashi gaba ɗaya: Shaho! Shaho!
Mai kamfani a rumfar manya ya duba agogo.

Tsohuwar lamba tara tana ƙasan akwatina.
Da suka zo ƙidayar kaya,
na ce ɓera ya cinye ta.