Agogo Biyu

A rumfata ta Tsohuwar Kasuwa
agogo arba'in ke rataye, kowanne da ƙaryarsa.
Biyu kaɗai na yarda da su yau.
Ɗaya na Sakkwato.
Ɗayan na tura shi gaba da awa bakwai,
don can Juwairiyya ta nufa.

A bayan rasit ta rubuta mini lissafin:
nan zuwa Abuja, awa guda.
Abuja zuwa Doha, bakwai.
Zaman jira, huɗu.
Sai takwas kuma bisa teku
kafin Kwala Lamfur.
Na haɗa, na samu ashirin.
Na sake haɗawa, ko za su ragu.

Kilomita dubu goma da 'yan kai, in ji ta.
Ban san inda zan ajiye wannan lamba ba.
Ni Illela na sani, da Gusau,
da ranar da mota ta mace mana a Talatar Mafara
muka kwana gindin darbejiya.
Wannan nisa ne da ke da ƙura a ƙafa.
Nata ba shi da bakin hanya,
ba mai fura, ba wanda za ka tambaya saura nawa.

Da azahar Ɗantani mai albasa ya kawo nasa,
wai yana jinkiri da minti goma.
Na buɗe bayansa, na hura,
hannuna ya yi rawa, ƙusa ta faɗi cikin yashi.
Shekara talatin ban taɓa ɓatar da ƙusa ba.

A gida Atine da salloli take ƙirgawa.
La'asar ta riske ta ina?
Wanda ke tsakanin gajimare, ina alƙiblarsa?
Kilishin da na sa mata, sun bar ta ta wuce da shi?
Ban da amsa ko ɗaya.
Na ce ta kawo tuwo, ban ci ba.

Zafi ya koro mu tsakar gida.
Na kwanta da agogo biyu a hannu guda
kamar mai tallarsu.
Wata 'yar wuta ta ratsa sama tana ƙyaftawa,
na san ba nata ba ne, yamma ya dosa,
amma na bi shi da ido har ya shige bayan katangar maƙwabta.

Ladan na gyaran murya waya ta yi ƙara.
Baba, na sauka.
Nan rana tsaka, ruwa ake yi.
Na dubi gabas, duhu ne.
Ashe ranar da nake jira
ita ta fara gani,
saura ce za ta iso mana.

Da hantsi wani yaro ya tsaya bakin rumfa,
ya nuna bango, ya ce Malam, wancan ya lalace.
Na ce bar shi.
Ba na sayarwa ba ne.