Baƙin da Ke Hannun Katantanwa

Ƙarfe uku na dare a tudun Atakama,
inda numfashi ma sai an roƙa,
Rosaura Colque na zaune gaban allo,
shayinta ya huce tun ɗazu.
A waje manyan faya-fayan ƙarfe sun juya lokaci guda
kamar kunnuwan da suka ji an ambaci sunansu.

Abin da suke saurare garken taurari ne mai nisa,
murɗaɗɗe kamar bayan katantanwa.
A cikin kowane hannu nasa akwai baƙin zare kwance,
irin tabon da wuta ke bar wa gindin tukunya.
Ta ce wa Nahuel, sabon ɗalibi:
"Kada ka raina baƙin nan.
Ɗakin haihuwa kake kallo."

Ƙura ce. Tokar taurarin da suka riga mu gidan gaskiya,
ƙwayarta siririya kamar ta hayaƙi.
Ita ke tare haske, ta yi wa gas inuwa
har ya huce, ya yi sanyin da ba shi da suna,
nauyinsa ya rinjaye shi, ya dunƙule, ya rufta cikin kansa.
Shiru.
Shiru mai tsawo.
Sannan wuta ta kama daga ciki.

Abin da ba ta gaya wa yaron ba:
can ƙasa, a Kalama, akwai wani tsoho, Evaristo,
shekara talatin da ɗaya a ramin tagulla,
yanzu tsakanin gado da ƙofa sai ya huta sau biyu.
Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a fitila,
ita kuwa ta ga abin da take gani kullum dare:
dabbare-dabbare, gajimare inda bai kamata ba.

Ran Asabar ta gangaro da takarda a jaka.
Ya saka tabarau, ya ɗora babban yatsa kan baƙin zaren.
"Wannan ce ke haifar su?"
"Ita ce, Baba."
"Cikin shekara nawa?"
"Miliyoyi."
Ya yi dariya har ta zama tari,
ta riƙe masa kofi sai da ya lafa.
"Ashe gaggawa na yi," in ji shi.
"Talatin da ɗaya kacal na ba ta."

Da yamma ta ɗauki tsumma za ta goge taga.
Rana ta ratso, ƙurar ɗakin na juyi a hankali.
Ta daɗe a tsaye,
tsumman a hannu.