Kujerar Taga

Ruwan Agusta bai ɗauke ba tun la'asar.
Muna falo mu uku, shayin citta na huce wa,
Zinatu ta miƙo mini waya:
"Baba, gurbi ɗaya ya rage.
Za ka ɗauki hayar mota a can, ko a'a?
Ka danna nan, ko ka danna nan."

Kwana tara a Maleshiya.
Shekara shida ina ƙulla kuɗinsu
daga ribar kabeji da dankali a Farin Gada,
kwando bayan kwando, asuba bayan asuba.

Ga motar a hoto, 'yar fara,
sumul kamar ƙwan da aka wanke.
Na mayar da kuɗinta naira,
na sake mayarwa ko na ƙara sifiri.
Ban ƙara ba.
Kullum sai ta cinye buhun dankali,
ban da mai, ban da inshora,
ban da abin da za su riƙe
don kada in goga musu ita a bango.

Ni? Bango?
Ni da na gangara Hawan Kibo da tsakar dare,
birki na ƙauri, kaya har saman rufi?
Ni da na ratsa Taminus ranar jajibiri
ban taɓa ko farantin mai awara ba?

Zinatu ta ce, "Can ta hagu suke bi.
Sitiyarin ma yana ɗaya gefen."

Sai na tuna marigayi Baba.
Yana kan hanya shekarar da aka sauya hannu.
Ya ce wata guda ya yi
kamar mai cin tuwo da hannun wani.

"Kuma ɗan sandansu kyamara ce," in ji ta.
Kyamara ba ta san ranka ya daɗe ba.
Ba ta jin yi haƙuri, baƙo ne ni.
Takarda kawai za ta biyo ka har gida.

Duk da haka zuciyata na wajen makulli.
Mai mota ba ya jiran kowa.
In ya ga masallaci ya tsaya,
in ya ga teku ya tsaya.
Ga gwiwar Barira da ba ta son matakala,
ga tsarabar da na san za ta ninka akwati.

Barira tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Shekara ashirin da uku
ina zaune a gefenka.
Na ce dubi duwatsun Shere, ka ce rami.
Na ce ga bakan gizo bisa Riyom,
ka ce bari in wuce tirelar nan.
A hanya, rabin fuskarka na sani.
Ban so in ƙetare teku
don in kalli kunnenka."

Zinatu ta toshe baki da gyale.
Ni kuwa na nemi amsa a ƙasan kofi,
babu komai sai guntun citta.

Gaskiya ne, garuruwa nawa na shiga
ban ga komai ba sai bayan motar gaba.
Na san Akwanga da ramukanta,
ban san launin itatuwanta ba.

Na ce, gwiwar fa?
Ta ce, "Gwiwar tawa ce. Za mu tafi a hankali.
In ta gaji, mu tare tasi,
wani ya ji da hagunsa."

Na danna a'a.
Wayar ba ta yi gardama ba.
Na ce to, a jirgin ƙasa ni ne a taga.
Ta ce, "Ka makara, Alhaji, tun ɗazu na kama."

Da dare ruwan ya tsagaita.
Ina kwance, wai ina koyon zama fasinja,
sai na ji ƙafata ta dama
cikin bargo
tana laluben birki.