Allurar da Ba a Yi Ba

Ƙarfe uku na dare a Valparaíso,
teku na tari a gindin tudu.
Masunta biyu suka kinkimo Eleuterio.
Ƙugiya ce ta yage masa dantse,
kwana huɗu, ciwo ya ja ruwa,
zazzaɓi ya ɗauke masa baki.

Maite ta zuƙi fenisilin a sirinji,
ta ɗaga, ta matsa, ɗigo ya leƙo.
Sai hannunta ya tsaya.
"Akwai maganin da jininsa ba ya so?"

Masuntan suka dubi juna.
Shekara ashirin a kwalekwale ɗaya,
sun san bashinsa, sun san minsharinsa,
wannan kam ba su sani ba.

Ta buɗe wuyan rigarsa mai ƙarnin kifi.
Kusa da ɗan gicciye, ga wani ƙarfe,
gishiri ya lashe rabin rubutun,
saura haruffa biyar: PENIC.

Ta ajiye allurar a hankali
kamar mai ajiye kunama,
ta aika a kawo wata.

Da asuba ya buɗe ido
yana cigiyar hularsa.
Bai san ajali ya zo har bakin fata
ya juya ba.