Gaya Min da Tanka

Hilario ne ke hawo mana da ruwa,
Talata da Juma'a, a tsohuwar tanka mai tari,
daga San Pedro har ƙolin dutsen nan
inda ko ƙuda bai ga wurin zama ba.
A Atacama ruwa baƙo ne,
taurari su ne 'yan gida.

Ran nan taya ta yi masa tsiya, dare ya rufa.
Na zuba masa shayi,
ya zauna bayana, hula a gwiwa,
yana kallon allon da nake kallo.

"Wannan ɗigon fa, Nélida?"
Na ce Pluto ke nan.
Da cikin manya ake lissafa ta,
daga baya aka ce ta yi kaɗan.
Ya ce, "Haka ake yi wa mutum."

"Kilomita nawa daga nan?"
Na ce biliyan biyar da 'yan kai.
Ya ce, "Wannan ba nisa ba ne, surutu ne.
Gaya min da tanka."

Na juya rasit ɗin mansa, na buga lissafi a baya.
Tamanin a awa, ba barci, ba faci,
ba tsayawa gaida kowa:
shekara dubu bakwai da ɗari biyar.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Da wannan akwalar? Ƙara dubu."

Na ce shi haske awa biyar ta ishe shi.
Abin da kake gani yanzu ya baro can
tun kana kwance a ƙarƙashin mota
kana zagin noti.

Sai ya yi shiru.
Iska tana goga baya a jikin kubba,
madubi yana bin sama a hankali
kamar mai neman allura.

"Ɗana Fermín yana Calama," in ji shi.
"Awa uku, in hanya ta yi kyau.
Shekara tara ban ji muryarsa ba."

Na duba allo.
Duk na'urorin ɗakin nan
babu mai auna irin wannan.

Da asuba ya ce in ba shi rasit ɗin.
Ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihun ƙirji.
Na tsaya a bakin ƙofa cikin bargo
ina bin jar fitilarsa tana gangara,
tana ƙanƙancewa,
har ta koma ɗigo.

A can ƙasa hanya ta rabu biyu.
Daga nan ba a gani.