Siririyar Waya

A Titin Bairut, can saman bene,
shagon Oga Gwadabe, faɗin tabarma biyu,
na kwantar da akwatin ƙarfe bisa tebur,
na zare murfi, cikinsa wayam
kamar ɗakin da ba a tare ba.

Baba Ilu na kan benci, hula a gwiwa.
Shekara talatin yana buga takardun rantsuwa
a bakin kotun Nomansilan,
har tafiretarsa ta zubar da haƙori uku,
lauyoyi suka ce yanzu sai aikin kwamfuta.
Tunkiya biyu ya sayar, da keke.
Ya ce, "Tasi'u, haɗa min mai juriya,
kyau ba ya cikin lissafina."

Na dafa ƙarfen taga tukuna
kada wutar jikina ta yi mana ɓarna.
Sannan na ɗauko uwar allo, koriya shar,
da titunanta da lungunanta,
sai ka ce Fagge aka hango daga jirgi.
Noti shida, kowa da raminsa.
Na shida ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin fanka,
na bi shi da rarrafe, Baba yana dariya.

Ƙwaƙwalwar ba ta kai kwalin ashana ba.
Ba a danna ta. Ajiye ta ake yi,
kusurwa mai alama ta sami 'yar'uwarta.
Na ɗiga mata man sanyi, ƙwayar wake ɗaya,
na ɗora mata fanka don zafin Afrilu.
Ram biyu, 'yan gwanjo, na goge musu baki,
na tura, ƙas, na tura, ƙas.

Saura wayoyi.
Nan ake gane wanda ya koya da wanda ya kalla.
Mai baki ashirin da huɗu, ƙatuwa, mai taurin kai,
sai da na sa babban yatsa ta yarda.
Mai baki huɗu ta kewaya ta baya ta ciyar da ƙwaƙwalwa.
Ja, mai faɗin zaren tsiya, ta nufi rumbun ajiya.
Na kama ragowar na kitse su gefe guda,
na ɗaure da roba, iska ta sami hanya.
Oga yakan ce cikin akwati shi ne halin mai gyara.

Aka kawo wuta ƙarfe huɗu saura.
Na jona, na yi bisimilla, na danna.

Shiru.

Na sake. Shiru. Adaidaita na ta oda a ƙasa,
gumi ya sauko min har gemu.
Na cire ram, na mayar, na zargi soket,
na zargi Ɗan'asabe da ya sayar min da kayan,
na fara lissafin tunkiya biyu a zuci.

Baba Ilu ya miƙe, ya gyara tabarau,
ya leƙa kamar mai duba rijiya.
"Ni ban san komai a nan ba," in ji shi,
"amma kowace waya na ga ka kai ta gidanta.
Waccan 'yar siririyar fa, da ke lilo,
ba ta da kowa ne?"

Wayar makunni ce.
Ba ta kai tsinken tsire kauri ba.
Na kama ta da hantsaki, kunya na cin kunnena,
na zaunar da ita kan allurai biyu.

Fanka ta juya. Ƙara ɗaya, ɗil.
Haske ya hau gilashi.

Ya ja kujera, ya tofa a tafi, ya murza,
ya daki harafin farko da ƙarfin shekara talatin
har tebur ya girgiza.
Na ce, "Baba, a hankali, wannan ba ta son duka."
Ya ce, "To. Za mu saba."