Shekarar Inna Yaga

Kawu Mutari ya tafi Polan karatun ruwa,
ya komo Damagaram da takarda ɗaya da mace ɗaya.
Yadwiga sunanta. Bakinmu ya gutsure shi,
muka bar mata Yaga.
Ta zo da shekarar garinsu a ninke cikin akwati,
tana zaro ta rana-rana.

Da zafi ya fara cizo
ta ɗaure karan dawa, ta sa masa tsumma da kallabi,
wai wannan ce sanyi, kogi za a kai ta a nutsar.
Wane kogi?
Muka raka ta tabkin bayan Birni,
laka ce zalla da sawun shanu.
'Yar tsanar ta kwana uku a tsaye kamar mai bin bashi,
akuya ce ta ƙarasa aikin.

Litinin bayan sallarsu ta rina ƙwai
ta juye wa Kawu moɗa guda yana barci,
a garin da pampo ke kwana tara bai yi tari ba!
Kaka ta kama haɓa:
"Kin san nawa ɗan garuwa ya karɓa?"
Tun daga ranar sai tsoma yatsa,
ɗigo uku a goshin kowa.

Bayan kaka, daren matattunsu,
kaburburan sun yi mata nisa.
Ta jera kyandir bisa katanga, kowane da sunansa,
iska na kashewa, tana kunnawa.
Ranar ba mu yi dariya ba.

Jajibirin Kirsimeti ni ake turawa bisa dutse:
ba mai cin loma sai na hango tauraron farko.
Harawar ragonmu ƙarƙashin zanen tebur,
bandar kifin Diffa a tsakiya,
da wani farin waina mai kaurin takarda
da yayarta ke aikowa cikin wasiƙa.
Kullum a karye yake isowa.
Ka gutsura nawa, in gutsura naka, a yafi juna.

Sai faranti guda, babu mai shi.
Na baƙon da dare ya kama, in ji ta.
Kaka ta ce, "Wannan kam mun san shi.
Baƙonka annabinka."

Damina shida ke nan da rufe ta.
Kawu bai taɓa fashin salla ba.
Amma daren nan, in ya sallame magariba,
ɗiyata yake turawa bisa dutse.
Faranti biyu yake ajiyewa yanzu.
Ban tambaye shi ba.